Na je Hambog, inda ƙwayar ƙura ɗaya ke ɓata aiki

Jama'a na dawo Birnin Kebbi lafiya, amma wallahi har yanzu kaina yana Jamus. Cibiyar bincike ta DESY muka je a Hambog, wurin da ake gwada bututun da ke ingiza ƙwayoyin ilektron har su kusa gudun haske.

Tun a filin jirgi wani jami'in shige da fice ya ɓata mani rai, wai me ɗan Najeriya zai yi a wurin binciken fiziks, takardar gayyata tana hannunsa ko buɗe ta bai yi ba. Na haɗiye kawai.

Shi bututun da ƙarfen niyobiyam zalla ake yinsa, tsawonsa wajen mita ɗaya, da kumburi 9 a jere kamar an kikkifa ƙoruna baki da baki. Sai a zura shi a tsaye cikin tankin ruwan heliyam, sanyi ya kai digiri 271 ƙasa da sifili, a irin wannan sanyin ƙarfen ba ya gardama da lantarki. Daga nan a tura masa igiyar rediyo mai gigahaz 1.3, wato mai kaɗawa sau biliyan 1.3 a daƙiƙa, ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan kowa ya zuba wa kwamfuta ido, har wani ɗigo a jikinsa ya ɗumama komai ya zube lokaci guda. Guda 800 aka ƙera wa na'urar European XFEL, mai samar da hasken X-ray mai ƙarfi don bincike, a Jamus da Italiya, aka bi su da wannan gwajin, ita kuwa na'urar tsawonta kilomita 3.4 kuma a 2017 ta fara aiki.

Abin da ya fi tsaya mani a rai ƙura ce. Ƙwaya ɗaya in ta maƙale a ciki sai ta riƙa fesar da ilektron ta cinye ƙarfin, dole a mayar da bututun a sake wanke shi da tsabtataccen ruwa mai matsi. Ta gilashi na leƙa ɗakin wankin, mutane sun rufe jiki ruf ido kawai ake gani, tafiya ma a hankali suke yi. Mu da hunturu kan sa mu share tebur safe da yamma a ɗakin gwajinmu, ina za mu fara? Kuma fa wannan ƙarfen na niyobiyam ana samunsa a cikin ma'adinin kolombait, wanda aka yi ta haƙa a Jos ana lodawa waje. Wannan ya yi mani ciwo sosai.

Wani dattijon injiniya Allah ya saka masa, da ya ji ba na cin alade sai ya kai ni shagon Turkawa ya biya kuɗin da kansa. Tsada kam ba a magana, ruwan gora ma sai ka ajiye santi 25 na Yuro saboda robar, in ka mayar a ba ka abinka, wannan tsarin ya burge ni.

Dawowa ta Abuja na biyo, sai mota ta Kontagora da Yawuri. Ranar Litinin in sha Allah zan nuna wa ɗalibaina hotunan.