Safar hannun da na amince da ita

Ina shekara ta shida da fara aiki a wani asibitin haƙori a Kano lokacin da kan yatsuna uku na hannun hagu suka fara tsagewa: babban yatsa, manuniya da na tsakiya. Lokacin hunturu ne, don haka na ce kaushi ne, na yi ta labta basilin da man kaɗe. Hunturu ya wuce, bazara ta shigo, yatsun suna nan suna saɓa, in na zo alwala ruwa ya shiga tsagun kamar an zuba barkono. Da aka yi hutun Sallah suka fara warkewa. Kwana uku da komawata aiki, abu ya dawo sabo.

Likitar fata da na je wurinta ta juya hannuna ta duba, ta ce, “Malama, me kike taɓawa a wurin aiki?”

Na ce, “Likita, ai ba na taɓa komai sai da safa.”

Ta manna mini wasu ƙananan filasta a baya, kowace da sinadarinta, don a gano wanda fatata ta ƙi, ta ce kada ruwa ya taɓa wurin. Bayan kwana biyu aka cire, aka sake dubawa bayan wasu kwana biyun. Wuri ɗaya ya yi ja ya tashi, wurin da aka sa wani sinadari mai suna HEMA.

HEMA yana cikin yawancin gam ɗin da muke shafa wa haƙori kafin a yi farin ciko. A wanke haƙorin da asid mai ƙarfin kashi 37 cikin ɗari, a shafa gam, a haska shi da fitila mai shuɗin haske ya daskare, sannan a ɗora cikon. In ya daskare, haɗarinsa ga fata kaɗan ne. Ɗanyensa ne ke ɓarna, kuma ɗanyen nake mu’amala da shi kullum. Tun ina ɗaliba na ɗauki wata ɗabi’a a wurin manyanmu: in ɗiga gam a bayan safata in riƙa dangwala da buroshi, in goge bakin kwalba da yatsa, wani lokaci har in lallaɓa ciko da kan yatsa don ya kwanta. Ban taɓa ganin laifin hakan ba, tunda safar ba ta huje ba.

Ashe ba sai ta huje ba. Ƙwayar HEMA ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana ratsa jikin robar kamar yadda mai ke ratsa takardar da aka ƙunshe ƙosai. Safar lateks da ta binil an yi su ne don tare jini da yawu da ƙwayoyin cuta, kuma a nan suna aikinsu. Irin wannan sinadari kuwa cikin ’yan mintoci yake ƙetare su. Ta naitiril ta fi daɗewa tana tarewa, sai dai ita ma tana da iyaka, musamman da yake ana narka gam ɗin a cikin etanol ko asiton, wanda ake goge jan farce da shi. Asiton yana tausasa robar, ya buɗe wa sauran hanya. Abin da ya fi damuna da na fahimta shi ne, da zarar ya ratsa, safar ce ke riƙe shi a kan fata, cikin gumi da zafi, har in gama da marar lafiya. Kuma jikin da ya riga ya ƙi shi ba ya mantawa. Likitar ta ce ko farcen kanti da ake mannawa da gam kada in kusanta, danginsu ɗaya.

Na sauya yadda nake aiki gaba ɗaya. Gam yanzu a ɗan mazubinsa nake ɗiga shi, buroshi kaɗai ke taɓa shi, ciko kuma da ƙarfe nake gyara shi. In ɗigo ɗaya ya faɗo kan safa, nan take nake cire ta, in wanke hannu da sabulu, in sa sabuwa, ko da marar lafiya na kwance baki buɗe. Na koma naitiril mai ɗan kauri. Akwai wata mai rufi-rufi da ake kira 4H, tana tarewa na sa’o’i, amma tana da ƙwari kamar leda, ba ta zama a yatsa don aikin cikin baki.

Inda na sha wahala shi ne wajen mai kula da sito, don kwalin safa kuɗi ne, kuma ina cinye fiye da kowa. Sai da na buɗe masa tafin hannuna ya gani kafin ya daina ƙirga mini.

Watan jiya aka kawo mana wata ɗaliba. Ranarta ta biyu na ga ta ɗaga kwalbar gam ta nufi bayan safarta da ita. Na riƙe hannunta na ce, “Ƙanwata, tsaya. Ga mazubi nan.” Da muka sallami marar lafiyar na zaunar da ita, na cire safata na nuna mata yatsun nan uku, da har yau fatarsu ba ta koma kamar sauran ba.