Kafin a zuba wa injin tokumbo kananzir

Mai sayen motar da aka riga aka mora a ƙasar waje, ta Legas ta shigo ko ta Kwatano, yakan ɓata lokacinsa wajen duba fenti da kujeru da sanyin na'urar sanyaya ciki, amma da wuya ka ga wanda ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ya haska ciki da tocila. A nan ne kuwa tarihin motar yake a rubuce. Idan ƙarfen da ke ciki yana da launin zinariya ko ruwan ƙasa mai haske, an kula da ita. Idan kuwa abin da ido ya gani baƙin datti ne mai kauri da danƙo, wanda ya manne a jikin murfin har ana iya kankaro shi da farce, to mai shi na farko ya yi wasa da juyen mai, kuma sabon mai shi ne zai biya bashin.

Wannan datti baƙin mai ne da ya lalace ya daskare. Zafi da iska suna canza mai a hankali har ya yi kauri, sannan tururin ruwa da ɗanyen fetur da hayaƙin da ke silalowa ta gefen fistin suna gauraya da shi. Sinadaran da kamfani ya zuba a cikin man domin su riƙe datti kada ya kwanta suna da iyaka, kuma da zarar sun ƙare sai dattin ya fara kwanciya a saman injin, da cikin ƙananan hanyoyin da mai ke bi, da kaskon ƙasa inda mai ke taruwa. Gajerun tafiye-tafiye na daga cikin manyan abubuwan da ke haddasa shi, domin injin da ba ya samun zafin da zai ƙone ruwan da ke cikin mai kullum tara ruwan yake yi. Saboda haka ne nake ganin al'adar kanikawanmu ta cire tamosta, wato bawul ɗin da ke tsare ruwan lagireto har injin ya yi zafi, daga kowace tokumbo, wai don ƙasarmu tana da zafi, ɓarna ce tsantsa: an ƙera abin ne ya buɗe a wajen digiri 82 a yawancin motocin Toyota, kuma idan babu shi injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da safiyar hunturu.

Akwai kuma injinan da suka yi suna da wannan ciwo tun a can inda suka fito. A Amurka, masu Toyota Camry da Avalon da Sienna da Lexus ES300 da RX300 na tsakanin 1997 da 2002, masu injin V6 mai lita 3.0 ko mai silinda huɗu mai lita 2.2, sun yi ta ƙorafi har kamfanin ya amince a 2002 zai ɗauki nauyin gyaran na tsawon shekara takwas, daga baya kuma aka sasanta ƙarar haɗin gwiwa a 2007. Volkswagen Passat da Audi A4 masu injin lita 1.8 mai turbo sun shiga irin wannan hali, haka ma injin Chrysler mai lita 2.7. Kamfanoni sun ɗora laifin a kan masu jinkirta juye, masu motoci kuma sun ɗora shi a kan ƙirar injin. Ko ma wa ke da gaskiya, da yawa daga cikin waɗannan motoci a titunanmu suka ƙare, wasunsu har yanzu suna jigilar fasinja tsakanin Kano da Abuja.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganin da ake yawan bayarwa a gareji. Da bakanike ya ga dattin sai ya ce, “Alhaji, ai wannan ba komai ba ne, mu zuba masa kananzir ko gas mu bar shi a sulo, duk zai fito.” Ban yarda da wannan ba, kuma dalilina biyu ne. Na farko, kananzir ba ya da kaurin da zai raba ƙarfe da ƙarfe, don haka duk mintin da injin ya yi yana juyawa da shi, mital ɗin karanshaf, wato ƙarafan da babbar sandar injin ke juyawa a kansu, cin kansu suke yi. Na biyu ya fi muni. Dattin da ya shekara biyar a manne a wuri ɗaya yana rage lafiyar injin ne sannu a hankali, amma idan aka tayar da shi gaba ɗaya, ba narkewa yake yi duka ba, ɓantarewa yake yi gunduwa-gunduwa, kuma duk gunduwar da ta ɓalle kaskon ƙasa za ta gangara. A can ne bakin bututun da famfon mai ke zuƙo mai yake, da 'yar rariyar waya a bakinsa. Abin ya yi kama da yashe kwata a farkon damina ba tare da an kwashe sharar ba: ruwan farko zai tattara ta ya kai bakin kwalbati ya toshe. Idan rariyar ta toshe, famfo ba ya samun abin turawa, kuma jar fitilar mai da ke gaban direba ba ta kamawa sai matsin man ya kusa ƙarewa ƙaf, ta yadda wanda ke gudu a babbar hanya zai iya ganinta a daidai lokacin da injin ke bugawa.

Ruwan wanke injin da ake sayarwa a gwangwani ya fi kananzir sauƙi, tunda a cikin tsohon mai ake zuba shi, a bar injin a sulo na minti 10 zuwa 15 sannan a tsiyaye, kuma ba na musun cewa yana da amfani ga injin da dattinsa bai wuce shafe-shafe ba. Ga wanda ya yi kauri kuwa, haɗarin rariya yana nan yadda yake.

Hanyar da na gamsu da ita tana cin yini guda da kuɗin aiki, kuma da hannu ake yinta. A fara cire murfin saman injin domin a ga ainihin girman matsalar. A toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa ta cikinsu da tsumma mai tsabta, sannan a kankare dattin da roba ko katako, ana kwashewa waje, ba a hura shi ciki da iska ba. Shi murfin a kai shi gefe a jiƙa shi a kananzir a goge, domin a nan ne kananzir yake da gurbi, a waje. Daga nan a sauke kaskon ƙasa, wanda shi ne aikin da kanikawa ba sa so saboda a wasu motocin sai an kwance abubuwa da dama kafin a kai gare shi, amma shi ne zuciyar aikin duka. A wanke kaskon, a ciro bututun mai rariya a wanke har haske ya riƙa ratsa ta, in ta yi muni a sa sabuwa. Wajen mayarwa a sa ido a kan yaron da ke shafa gam, domin gam ɗin da ya yi yawa yakan matso ciki ya tsinke, ya je ya toshe rariyar da aka gama wankewa. A canza ɗan bawul ɗin PCV da ke fitar da tururi daga cikin injin, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma toshewarsa na daga cikin abin da ya haifar da dattin tun farko. Injin da ke da VVT-i, tsarin Toyota mai sauya lokacin buɗe bawul da matsin mai, yana da wata 'yar rariya ta daban kusa da bawul ɗin da ke sarrafa man, ita ma a duba ta. A mayar da tamosta idan an cire.

Abin da ya saura a cikin ƙananan hanyoyi, sabon mai ne zai cinye shi da kaɗan-kaɗan. A zuba mai na gaskiya daga wurin dillalin da aka amince da shi, ba na galan ɗin bakin titi da ba a san abin da ke cikinsa ba, kuma a bi kaurin da aka rubuta a littafin motar ko a kan murfin. Waccan Camry mai V6, alal misali, 5W-30 aka rubuta mata, kuma zuba mata 20W-50 don kawai ta tsufa yana wahalar da mai wajen ratsa hanyoyin da dama sun ƙuntata. A yi juye bayan kamar kilomita 1,000, a maimaita sau biyu ko uku, ana canza filta kowane karo. Saurin baƙin da man zai yi kada ya tayar da hankali, alama ce yana ɗauke datti. Daga baya a tsaya a kan kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, domin ƙura da cunkoso irin namu su ne abin da littattafan motoci ke kira yanayi mai tsanani. Ina kuma ba da shawarar a sa agogon auna matsin mai a gwada injin yana da zafi, kafin aikin da bayansa, maimakon dogaro da fitila.

Idan dattin ba baƙi ba ne, fari-fari ne mai kumfa, kuma ruwan lagireto yana raguwa, to ruwa ne ke shiga mai, watakila ta gaskit ɗin kan silinda, kuma wanki ba zai yi amfani ba sai an toshe wannan kafar. Haka nan injin da ya riga ya fara ƙwanƙwasa daga ƙasa, ko matsin mansa ya ƙi tashi bayan an wanke rariya, ya wuce batun wanki, sai dai a sauke shi a yi masa aiki ko a nemi wani a kasuwar kayan gyara ta Kofar Ruwa ko Panteka. Wanda ya je sayen wani injin ya nemi a cire masa murfin sama a gabansa kafin ya ƙirga kuɗi, domin injinan da ake sayarwa a kasuwa ma daga cikin irin waɗancan motocin aka ciro su.