Agogon nutso a garin da ba teku: abin da gyaran tsoffin agoguna ya koya mini

Duk wanda ya ji cewa ina gyaran agogon nutso a Katsina sai ya tambaye ni, to wa ke nutso a nan? Tambayar tana kan hanya. Ba mu da teku, manyan ruwayenmu su ne madatsun Zobe da Jibiya da Ajiwa, kuma ba a saba ganin mai shiga cikinsu da tukunyar iska a baya yana ƙirga mintoci ba. Amma agogunan suna nan birjik a cikin gari, a adakar dattawa da hannun magada. Alhazai ne suka zo da da yawansu daga Jidda da Makka, wasu fatake suka shigo da su ta Maraɗi ko Kano. Abin da ya jawo musu farin jini a wurinmu shi ne alwala. Mutumin da zai wanke hannu har gwiwa sau biyar a rana, ga zufar bazara, ga ƙurar hunturu, yana son agogon da ba sai ya riƙa kwance shi ba.

Asalin wannan ƙira daga Suwizalan take. A 1926 Rolex ta fito da gidan agogo mai suna Oyster, wanda marfin bayansa da mamurɗinsa, wato ɗan kan da ake murɗawa a gefe don saita lokaci, suke ɗaurewa da zare kamar noti. A 1953 aka sami Fifty Fathoms na Blancpain da Submariner na Rolex, su ne suka kafa siffar da aka sani yau: baƙar fuska, manyan alamu masu haske a duhu, da zobe mai juyawa na ƙirga lokacin da mutum ya yi a ƙarƙashin ruwa. Waɗannan ba kasafai suke zuwa teburina ba. Namu na gida shi ne Seiko ta Japan. Ta yi agogon nutsonta na farko a 1965 mai jure zurfin mita 150, sai samfurin da ake kira 6105 a 1968, sai 6309 daga 1976 zuwa 1988, sai 7002, sai SKX007 a 1996. A kan 6309 na koyi yawancin abin da na sani, musamman irin wanda aka yi wa kasuwar ƙasashen Larabawa, mai nuna ranakun mako da Larabci da Turanci.

Darasin da ya fi zauna mini game da gidan agogo shi ne cewa gogewa ragewa ce. Injin gogewa ba ya cike karce, yana cinye ƙarfen da ke kewaye da shi ne har su daidaita, kuma abin da ya cinye ya tafi ke nan. Maigidana da na koyi sana'a a wurinsa, Allah ya jiƙansa, yakan ajiye agogo biyu iri ɗaya a gaban ɗan koyo, ɗaya duk karce, ɗaya yana walƙiya, ya ce, "Yaro, wanne ne mai lafiya?" Kowa mai walƙiyar yake nunawa. Sai ya ce a shafa da yatsa. A nan ake jin cewa na farkon gefunansa suna nan da kaifinsu, na biyun kuwa duk sun dulmuye sun zama sumul, kunnuwan da ake maƙala mariƙi, wato maɗaurin hannu, sun sirance, ɗaya ma ya fi ɗaya kauri.

Kamfani ba ya fito da gidan agogo da ƙyalli iri ɗaya ko'ina. A 6309, saman gidan yana da siraran layuka da suke bin da'ira, gefen kuma goge yake kamar madubi, kuma inda biyun suka haɗu akwai layi tsaf. Wannan layin shi ne kyan agogon, shi ne kuma farkon abin da injin gogewa ke ci. Haka rubutun marfin baya da hoton igiyar ruwan da Seiko ke bugawa a kai: gogewa biyu ko uku sun isa su dushe, har lambar agogon ta kasa karantuwa. Garin neman gira sai a rasa ido. Shi ya sa yanzu in aka kawo mini tsohon agogo, na fi dogara da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace. Dattin shekara arba'in da ya daskare a ƙarƙashin zobe yana fita, sai ka ga agogon ya farfaɗo ba a rage masa komai ba. In akwai wata tsini da ke yankar hannu ko tana kama bakin hannun riga, ita kaɗai nake kwantarwa da sanfefa mai laushi a naɗe jikin ɗan katako, bayan na manne salatif a kewayenta. Ramin da ya yi zurfi, maganinsa na gaskiya waldar leza ce da ake cike gurbin da ƙarfe iri ɗaya sannan a daidaita, kuma wannan aikin manyan shaguna ne. In ba za a kai shi can ba, gara a bar ramin.

Masu agogo ba sa son jin haka da farko, ni kuma ina fahimtarsu. Wani matashi ya kawo mini na mahaifinsa bayan rabon gado, ya ce, "Baba, so nake a mai da shi sabo fil." Na ce masa, "Ɗana, zan iya, amma wannan lotsawar da ke kusa da ƙarfe tara, Alhaji ne ya yi ta, ba ni ba. In na shafe ta ba mai dawo maka da ita." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a wanke kawai.

Ciwon da ke kashe gidan agogo ba a fuska yake ba, a ɓoye yake. Ƙarfen da ake kira mara tsatsa yana yin tsatsa in gishiri ya kwanta masa a inda iska ba ta kaiwa, kuma zufa gishiri ce. Tana taruwa a cikin kwarin da robar marfin baya take zama, ta yi shekaru tana cin wurin, ta bar ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura. Daga waje ba a ganin komai. Idan ramukan suka ratsa inda roba ke dannawa, ko ka sa sabuwar roba ruwa zai bi ta ƙarƙashinta. Don haka kafin in duba fuska ko inji, marfin baya nake fara buɗewa in cire robar in dubi kwarin da madubin ƙara girma. Ciwo na biyu shi ne zaren mamurɗi. Mutane suna ɗaure shi da ƙarfin tsiya ko a karkace har zaren ya cinye, kuma a wasu tsoffin Seiko bututun da mamurɗin ke ɗaurewa a kai ba ya canzuwa cikin sauƙi. A nan akwai abin lura: mamurɗin 6105-8110 ba ya da zare, danna shi ake yi a ɗan juya ya kulle. Wanda bai sani ba sai ya yi ta murɗawa yana neman ya ɗaure.

Akwai sassan da dole a canza, kuma ba laifi a cikin hakan. Robobin tare ruwa, na marfi da na mamurɗi da na gilashi, zafinmu yana busar da su har su farfashe kamar busasshen ganye, wasu kuma su narke su zama baƙin danƙo. Sabbi ake sawa, a shafa musu man silikon kaɗan. Ƴan sandunan da ke riƙe mariƙi su ma a canza, kuma a sa masu kauri irin na agogon nutso, don siraran suna wasa a cikin rami har su faɗaɗa shi. Gilashin da ya tsage a cire. Abin da nake karewa da iyakar ƙarfina shi ne fuska da hannaye da zoben lamba, domin su ne shaidar agogon, kuma a kansu masu jabu suka fi yin aiki.

Gane jabu ba sihiri ba ne, sabo ne da na asali. Farko dai lambobi. A marfin bayan Seiko akwai lambar inji da ta gida, misali 6309-7040, kuma a can ƙasan fuska kusa da ƙarfe shida akwai ƙaramin rubutu da shi ma yake farawa da lambar injin. In ka buɗe, injin kansa yana ɗauke da lambarsa. Ukun nan dole bakinsu ya zo ɗaya. Sai lambar agogon mai gurbi shida: na farko shi ne lambar ƙarshe ta shekara, na biyu wata, daga 1 zuwa 9, sannan O da N da D na Oktoba da Nuwamba da Disamba. Idan 6309 na nutso ya fara da 9D, Disambar 1979 ke nan, tunda ba a kai 1989 ana yin sa ba. Wani lokaci sanin tarihi kaɗai ya isa. Submariner mai lamba 5513, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1989, ba shi da tagar kwanan wata. In ka ga mai wannan lamba da taga, ba sai ka buɗe ba.

Bayan lambobi sai ido. Rubutun fuska ta asali siriri ne, gefunansa tsaf, ko da launinsa ya koɗe. Na jabu a ƙarƙashin madubi tawadarsa takan yi kauri ko ta malala, tazarar haruffa ba daidai ba. Tagar rana da kwanan wata a fuskar 6309 ta asali bakinta a gangare yake zuwa ciki, na kasuwa da yawa yankan tsaye ne kawai. Zoben lamba na alminiyom ne, rana da gogayya suna sa baƙinsa ya koma ruwan toka, ɗigon hasken da ke kan ƙarfe sha biyu kuma a nutse yake, ba a tudu ba. Sannan akwai tambayar da nake yi wa kowane agogo: shin sassansa sun tsufa tare? Gida ya sha karce, marfi ya dushe, amma fuska fes, hannaye fari tas, zobe baƙi wul. Wannan agogon an haɗa shi ne. Ana shigo da irinsu da yawa ta intanet, an tsinto gida daga nan, inji daga can, an ɗora sabuwar fuska an ce ɗan asali ne.

Sinadarin da ke haske a duhu shi ma mai ba da shaida ne. Har zuwa farkon shekarun 1960 da radiyom ake yin sa. Daga nan masu ƙira a Suwizalan suka koma tiritiyom, suna sa harafin T kusa da kalmar SWISS a ƙasan fuska. Ƙarfin tiritiyom yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da ƴan watanni, don haka fuskar 1970 ba ta da sauran hasken kanta a yau. In ka haska mata fitila za ta ɗan yi haske ta mutu nan da nan. LumiNova, wanda kamfanin Nemoto na Japan ya ƙirƙiro a 1993, shi ne ke shan haske ya daɗe yana bayarwa. To in tsohon agogo mai T ya kwana yana kore shar, an sake masa fenti ko an canza fuskar. Game da radiyom kuwa ina jan kunnen duk yaron da ke koyo a wurina: ko ya daina haske, gubarsa tana nan, don rabinta ma sai bayan shekara 1,600 yake raguwa. Ba a kankare shi, ba a hura shi da baki, ba a cin goro a kan teburin da aka buɗe shi.

Ni ban ɗauki kowane sabon sashe a matsayin jabu ba. Akwai fuskar da ruwa ya riga ya cinye, ta asali kuma ba ta samuwa ko kuɗinta ya fi ƙarfin mai agogo. A sa masa ta kasuwa ya ci gaba da ɗaura abinsa, ya fi a bar shi a adaka. Inda abin ke zama ha'inci shi ne a ɓoye. Mun taso muna jin hadisin mai sayar da abincin da ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa, busasshen a sama, aka ce masa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Dillalin da ya kawo mini agogo ya ce, "Malam, a sa masa sabuwar fuska a ɗan tsufar da ita da ruwan shayi," na ba shi kayansa. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin wanda zai saya yawanci mutum ne da ya daɗe yana tara kuɗi don ya sami irin agogon da ya gani a hannun babansa.

Aikin ƙarshe shi ne gwajin ruwa, kuma ina yin sa ne bayan na cire inji. Ana rataye gidan a cikin tulun gilashi a saman ruwa, a buga iska, a ɗan jira, sannan a nutsar da shi a saki iskar a hankali. In akwai kafa, iskar da ta shiga za ta fito a jere da kumfa, ta nuna maka daidai wurin. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara nauyi kwatankwacin na iskar da ke kanmu, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta agogon nutso mai suna ISO 6425 ba ta yarda a kira agogo na nutso ba sai ya jure aƙalla mita 100. Na'urata iyakarta awon mita 60, don haka ba na ce wa kowa agogonsa ya koma mita 150 da aka rubuta a fuska. Abin da na gwada shi nake faɗa: zai jure alwala da ruwan sama da wanka, a dawo da shi bayan shekara biyu a sake duba robobi. Duk abin da na cire, tsohon gilashi ne ko busasshiyar roba ko hannun da ya yi tsatsa, ina ƙulle shi a ƴar leda in miƙa wa mai agogo tare da takardar da na rubuta wanne ne na asali, wanne ne na kasuwa, da ranar da aka yi aikin.