Ba boris ba ne, taya ce

Juma'a, kasuwar Wudil, titi cike da motocin shanu. Faci huɗu kafin hantsi.

Bayan an sauko daga masallaci ɗan gidan Alhaji ya iso da Toyota 86 ɗinsa, wai tun daga Kano take kuka kamar jirgi, a canja masa boris, ƙarfen da ƙafar mota ke juyawa a kansa. Ina durƙusawa na ga Toyo R888R ce a ƙafa huɗun.

"Yallaɓai, boris ɗinka lafiya lau. Tayar ce."

"Haba Malam, sabuwar taya?"

Ai sabuntar ba ta hana. Tayar filin tsere ce da aka yarje mata hawa titi. Zanenta kaɗan ne, faffaɗan roba ke dukan kwalta gaba ɗaya, iskar da ta matse a 'yan ramukan tana fita da gunji. Gefenta kuma tauri gare shi, duk wani kaushin hanya sai ya miƙa shi cikin mota, motar da dama ba a cika mata abin tare ƙara ba. Ga laushin robar: lambar jurewarta, mai nuna daɗewar taya kafin ta cinye, 100 ce, ta motar gida kuwa takan kai 400. In ta yi zafi sai ta riƙa ɗaukar tsakuwa tana watsawa ƙarƙashin mota, tas-tas-tas.

Rarrabewa ba wuya. A miƙaƙƙen titin da ba kowa, a gudun kilomita 60, ka ɗan karkata sitiyari dama, ka dawo hagu. Boris in ya mutu kukansa na ƙaruwa idan nauyi ya koma gefensa. Kukan taya bai damu da wannan ba, da kwalta yake canjawa: ya lafa a sumul, ya tashi a mai kaushi. Sannan a ɗaga da jak, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza, a juya ta da hannu a saurara. Na yi duka a gabansa, shiru.

Da na shafa tafin hannu kan na gaba, ciki ya fara cin gefe, yana kartar hannu kamar zarto. Wannan matsalar alaimen ce, wato saitin ƙafafun mota, kuma tana ƙara kukan. Na ce a duba shi a Kano, iska kuma a auna da safe kafin tayar ta ɗumama, daidai da abin da ke rubuce jikin ƙofar direba. Gunjin zai ragu, amma ba zai tafi ba sai an sa tayar titi.

Bai gamsu ba. Na san gobe wani zai karɓi kuɗinsa ya cire masa lafiyayyen boris.

Ba ma wannan ke cina ba. Yana tada mota hadari ya haɗo ta gabas, kuma tayar nan ba ta da isassun ramukan da za su kore ruwa in ya kwanta a kwalta. Na ce ya rage gudu, ya ɗaga min hannu kawai.

An kira magariba, yayyafi ya fara. Kawu na tambayar kuɗin taki. Ban iya cin tuwon ba.