Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren da na saurari mafarkan Günter Eich

Makon jiya na tsaya a inda sanyin birnin Kolon na ƙasar Jamus ya kwantar da ni kwana huɗu, a watan farko na horon aikin rediyo da aka tura ni a 1994. Da na miƙe sai aka haɗa ni da wani dattijo injiniyan sauti, yana dab da ritaya. Ya ji cewa wasan kwaikwayo nake rubutawa a gida, sai ya tambaye ni ko na san Günter Eich. Na ce ko sunan ban taɓa ji ba. Da yamma, bayan an tashi aiki, ya zaunar da ni a ɗakin naɗar murya, ya rage fitila, ya ɗora tef.

Sunan wasan Träume, wato mafarkai. Jamusancina bai nuna ba a lokacin, don haka yakan tsayar da tef ya warware mini, sannan mu ci gaba. Mafarkai biyar ne. A na farko, wasu mutane ne kulle a taragon jirgin ƙasa na ɗaukar kaya, shekara da shekaru jirgin yana tafiya bai tsaya ba. Tsofaffin cikinsu suna tuna cewa akwai duniya a waje, jikokinsu kuwa sun ɗauka gigin tsufa ne, domin a taragon aka haife su. A na biyu, iyaye ne suka sayar da ɗansu ga wani attajiri mara lafiya da ke neman jinin yaro. Na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai: gara ta shiga birnin New York, ta cinye cikin gine-gine da cikin mutane, sai ɓawo kawai ya rage a tsaye. Wanda ya taɓa dafa azarar da gara ta ci ya ga ta ruguje a hannunsa, ba sai an yi masa fassara ba.

An fara watsa wasan daga Hamburg ranar 19 ga Afrilu, 1951, shekara shida kacal bayan yaƙin duniya na biyu. Masu sauraro suka yi ta bugo waya cikin fushi, suna cewa sun dawo daga aiki a gajiye, nishaɗi suke so. Ai sun gane taragon. Sun san Yahudawan da 'yan Nazi suka loda a irinsa, sun kuma san sansanonin kisan da aka kai su.

Daga daren nan na shiga bin diddigin mutumin. An haife shi a 1907 a Lebus, wani ɗan gari a bakin kogin Oder. Sinanci ya karanta a Berlin da Paris, bai kammala ba ya koma rayuwa da alƙalami. Ya yi soja a yaƙin duniya na biyu, Amurkawa suka kama shi a 1945. Daga wannan zaman fursuna waƙarsa Inventur ta fito, inda yake ƙirga abin da ya rage masa: hula, kwat, gwangwanin da yake ci da sha a ciki, ƙusar da ya zana sunansa da ita, da ɗan bakin fensir. A 1950 shi ya fara cin kyautar ƙungiyar marubuta ta Gruppe 47. A 1953 ya karɓi lambar wasan rediyo da makafin yaƙi ke bayarwa a lokacin, kuma ban san alƙalan da suka fi su cancanta ba, tunda kunne ne idonsu. A shekarar ce ya auri marubuciya Ilse Aichinger 'yar Viyana, wadda 'yan Nazi suka kashe kakarta saboda Bayahudiya ce. Kyautar Georg Büchner, babbar kyautar adabin Jamusanci, ta biyo baya a 1959. Ya rasu a Salzburg a 1972.

Na koma wurin dattijon ina ta zuba yabo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, saura ka ji sauran." Daga 1933 har 1940 Eich yana rubuta wa rediyon gwamnatin Hitler shirye-shirye, da su yake ci. Ya ma nemi shiga jam'iyyar Nazi a 1933, katin ne bai fito ba. A 1940 ya rubuta wasa a kan boren ma'aikatan haƙar zinariya a Johannesburg, aka watsa shi cikin farfagandar ɓata Ingila. A 1993 aka gano naɗin wasan, kuma lokacin da nake can gardamar ba ta huce ba.

Daren nan barci ya ƙaurace mini, kuma ba don Eich kaɗai ba. Ni ma a zamanin soja na rubuta wasanni goma sha uku a gidan rediyon da nake aiki, duk na yabon wani shirin gwamnati da na san kuɗinsa ba ya isa ƙauye. Na sa manomi yana godiya da bakin da na ƙera masa. Matata tana da ciki, ga kuɗin haya, haka na riƙa gaya wa kaina. Ban wanke Eich ba, har gobe ina ganin ya kamata ya fito fili ya faɗi abin da ya yi, bai kuwa yi ba. Amma na fahimci dalilin da ya sa wanda ya shekara bakwai yana lallashin mai sauraro ya dawo yana hana shi barci.

Washegari na roƙi dattijon ya kwafe mini tef ɗin a kaset. Na sayi littafin rubutu a tashar jirgin ƙasa, na fara wasan da ya kusa raba ni da aikina bayan na koma gida. Labarinsa sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.