Waƙar Diramar Japan Ce Ke Riƙe Ni

Nan Gusau in ka ce dirama kowa Koriya ko Indiya zai kawo maka, amma ni fa ta Japan ta kama ni, kuma gaskiya rabin abin kiɗan ne. Diramarsu ba ta da ja-in-ja, yawanci kashi 10 zuwa 12 an gama cikin wata uku, kowace da waƙarta guda wadda wani fitaccen mawaƙi zai yi, sai su ɓoye ta har daidai wurin da magana ta yi zafi sannan su sake ta, wallahi ko ba ka jin yaren sai jikinka ya yi sanyi. Haka aka yi a Tokyo Love Story na 1991, waƙar Oda Kazumasa, har yau mutanensu na rera ta.

Tashar NHK kuma tana da ta safe tun 1961, minti 15 kacal kusan kullum, Oshin na 1983 cikinsu take. Yawanci wata shida kana jin kiɗa ɗaya kusan kowace safiya, dole ya zauna maka a kai. Ƙanwata ma ta fara bin amshin tana wanke-wanke, Inna na tambaya wai wane irin yare ne wanga.