Furen kuɓewa a bangon aji

Laraba, bayan isha'i.

Tun da na idar da sallar asuba hankalina yake kan darasin 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, wato sassan fure. Daren jiya na haɗa shi a PowerPoint da hotunan da na kwaso a intanet. Furanni ne masu kyau ƙwarai, amma na ƙasashen sanyi, irin waɗanda ni kaina ban taɓa riƙewa a hannu ba. Na kwanta raina bai kwanta da su ba.

Wajen ƙarfe bakwai na zagaya bayan gida, inda Inna ta shuka kuɓewa a gindin katanga. Furen kuɓewa kwana ɗaya yake yi, ya buɗe da safe, kafin yamma ya yi yaushi. Na tarar da guda uku sun buɗe, raɓa ba ta gama bushewa a kansu ba. Ganye biyar ruwan ƙwai mai haske, can cikin maƙogwaro ja mai duhu kamar jiƙon zoɓo, ga sandar tsakiya ta sha ƙurar fure. Ai dangi ɗaya ne da zoɓo da rama da auduga. Hotuna biyun farko da na ɗauka da waya sun yi duhu domin na fuskanci rana. Na juya mata baya, na sa ƙanina ya riƙe baƙin mayafina a bayan furen, sai ga shi ya fito fes, babu katanga babu tarkace. Na tsinki ɗaya na sa a kofi da ɗan ruwa, na tafi da shi.

A ofishin malamai na jona wayar da kwamfuta ta igiya. Idan aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto yana rage masa inganci, sai dai a tura shi a matsayin fayil, kuma ni ƙurar nan nake so yara su gani. Kowane hoto ya kai megabayit 4, nauyin da majigin makarantarmu ba ya bukata, domin iyakar abin da yake haskawa ɗigo 1024 ne a faɗi, 768 a tsawo. Na yanke gefe-gefe, na matse hotunan zuwa ɗigo 150 a kowane inci a cikin PowerPoint ɗin, fayil ya yi sauƙi. Wurin ƙara girma kuwa daga kusurwa ake ja. Wanda ya ja daga gefe zai ga fure ya baje kamar an taka shi, kuma yaro zai ɗauka haka Allah ya halicce shi.

Da na buɗe darasin a kwamfutar makaranta, sai na ga kalmar kuɓewa ta lalace, an sa ɗan akwati a gurbin ɓ. Haka ƙ ɗin ƙura. Salon rubutun da na zaɓa babu shi a tsohuwar na'urar. Abin ya sosa min rai, domin da gangan na rubuta Hausa a ƙarƙashin kowane sunan Turanci na manhaja. Malamin lissafi ya leƙo ya ce, "Malama, koma taki kwamfutar ki mayar da shi PDF, haruffan za su biyo shi." Haka kuwa aka yi. Allah ya saka masa da alheri.

Ajin namu tagogi huɗu, babu labule ko ɗaya. Rubutun da na yi da launin rawaya hasken rana ya cinye shi, na je layin baya na tsaya ban iya karanta komai ba. Sai na ɗauki alli na rubuta sunayen a allo kusa da hoton. Gobe baƙi zan sa a kan fari, kibiyoyin kuma masu kauri.

Hoton na bayyana a bango, wata yarinya da tun farkon zango ban ji muryarta ba ta miƙe tsaye ta ce, "Malama, wannan ai kuɓewa ce! Akwai ta a gonar Babanmu." Aji ya kaure. Wannan ya ce ya ga zuma na shiga ciki, wancan ya ce akuyarsu ce ke cinye nasu. Na bar su suka yi ta yi. Can wani yaro ya ɗaga hannu ya ce to ita kuɓewar da ake miya da ita daga ina take fitowa. Tambayar da nake jira ke nan. Na matsa zuwa zanen da na samo a Wikimedia Commons, wani rumbun hotuna na kyauta a intanet, fure an tsaga shi biyu, ana ganin ɗan kumburin gindi inda 'ya'ya ke zaune. Na ce idan ƙura ta sauka a kan sandar tsakiya, ganyen ya faɗi, kumburin nan shi ke tsawo ya zama kuɓewa.

Sun lura da sunan da na rubuta ƙanana a ƙasan zanen, suka ce na wane ne. Na ce na wanda ya zana ne, ya yarda kowa ya yi amfani da shi bisa sharaɗin a ambace shi, kuma haƙƙinsa ne mu cika sharaɗin. Ba duk hoton da mutum ya gani a intanet ne ya halatta ya ɗauka ba.

Saura minti goma aka ɗauke wuta. Na ɗauko kofin nan, furen ya fara saki amma bai mutu ba, ya zagaya benci-benci. Wasu suka taɓa sandar, suka duba yatsunsu.

Da na dawo gida na ɗaura jan zare a gindin ɗaya daga cikin biyun da suka rage, na roƙi Inna kada a tsinke ta. Kullum da safe zan ɗauke ta hoto daga wuri ɗaya, har zuwa Litinin in sha Allahu, na jera musu su ga yadda take fitowa.